Wai Malam Aminu Kano bai taɓa faɗuwa zaɓe a Kano ba?

Wannan bidiyon da kuke ta turo mini, na gani. Mutum ya hau mumbari, babbar riga ta sha sitati, ya buɗe baki ya ce Malam Aminu Kano bai taɓa faɗuwa zaɓe a Kano ba. Aka yi ta tafi har da guɗa. Sannu malamin tarihi!

Malam ya faɗi zaɓe a Kano, kuma ba sau ɗaya ba. A 1954 Maitama Sule ya kayar da shi a takarar Majalisar Wakilai ta tarayya da ke Legas. A 1956 ya nemi kujerar Kano ta Gabas a Majalisar Jihar Arewa da ke Kaduna, Ahmadu Ɗantata na NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa a lokacin, ya lashe. Sai a 1959 ya ci Kano ta Gabas a majalisar tarayya a ƙarƙashin jam'iyyarsa ta NEPU. Da zaɓen 1964 ya zo, Mamuda Ɗantata ya karɓe kujerar, shi ma bai daɗe a kai ba sojoji suka kifar da gwamnati ranar 15 ga Janairun 1966, majalisar ta watse da mazaɓunta. A takarar nan huɗu, nasara ɗaya.

Na san me za ku rubuto a ƙasa. "Ai En'e ce ta danne shi." Eh, En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, ta danne. 'Yan doka sun kama 'yan NEPU, alƙalai sun ɗaure su, 'Yan Mahaukata, wato 'yan daban NPC, sun fasa musu kai. Mata ma ko ƙuri'a ba su da ita a Arewa a lokacin, duk da wahalar da irin su Gambo Sawaba suka sha. To sai me? Shi ya goge faɗuwar? Ai wannan ne ma dalilin da zai sa a faɗe ta da babbar murya.

Wallahi abin da ke ci mini rai ke nan. Darajar Malam a faɗuwar nan take. A kayar da shi, gari ya waye ya koma yawon ƙauyuka yana gaya wa talaka cewa shi ma mutum ne, yana da haƙƙi. Bai sauya sheƙa ya koma NPC ba. Ku kuwa da kuka manna hotonsa a allon kamfen, zaɓen fid da gwani kawai za ku rasa, kafin la'asar kun yanki katin wata jam'iyyar. Dole ku ce bai taɓa faɗuwa ba, don idan aka tuna ya faɗi, za a tambaya me ya yi bayan nan.

Ya faɗi. Ku je ku tambayi tsofaffin Fagge.

Af, shi Mamudan da ya kayar da shi, ai shi ne Mamuda Wapa, mai jigilar alhazai, mai silimar nan ta Fagge inda 'yan canji suka yi sansani yanzu.