Maganar bais mai rawa, zuwa ga 'yan uwana masu walda da makanikai

Jama'a yau dai maganar bais zan yi, wannan ƙarfen da yake ɗaure a bencin duk wani mai walda da makanike da mai gyaran janareta a garin nan namu na Kano, kullum muna matse aiki a bakinsa amma da wuya ka ji an zauna ana tattauna yadda aka ƙera shi. Abinda ya dame ni shine yadda muke auna kyawunsa. Mutum zai shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ya ɗaga bais ya ji nauyi, ya murza hannun ya ga ko yana juyawa a banza kafin bakin ya motsa, in ya ji da nauyi kuma hannun ya kama nan take shikenan sai ya ce madalla ya zaro kuɗi. Ni kuma a ganina duk gwajin nan biyu ba su taɓa inda ciwon yake ba, kuma saboda haka ne masu ƙerawa ma basa damuwa su gyara, tunda sun san abinda mai saye zai duba.

Bari mu fara da juyin banzan nan na hannu tunda shi kowa yake ƙorafi a kai. Tsakanin tiredin sukuru (wato zaren nan da aka yanka a jikinsa) da na notin da yake juyawa a ciki dole a bar ɗan fili, dole ne wallahi, in babu shi giris bazai samu wurin zama ba, kuma ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta ƙame maka sukurun. Sannan akwai wani filin tsakanin kan sukurun da muƙamuƙin da yake tafiya, wato wurin da ake sa washa da fin ko kwala domin in ka warware hannu ya jawo bakin ya buɗe. Ka ɗauka sukurunka yana tafiyar milimita 5 a kowane zagaye, in hannun ya yi rubu'in zagaye a banza toh milimita ɗaya da kwata kenan ta ɓace tsakanin wuraren nan biyu. Yana da ban haushi, gaskiya ne, musamman in kana riƙe da aiki da hannu ɗaya kana so ka ɗan sassauta kaɗan ka gyara masa zama. Amma ka lura da abu ɗaya, da zarar ka matse, tiredin ya jingina da gefe guda, wannan filin ya mutu, baya shiga cikin aikinka ko kaɗan. Kuma maganinsa mai sauƙi ne, tsofaffin bais na Record da ake ƙerawa a Sheffield ta Ingila sifirin kawai suka sa a jikin sukurun a bayan muƙamuƙi da washa da fin, sifirin ɗin yana tura komai gefe ɗaya kullum. Yawancin waɗanda nake gani suna juyin banza sosai in ka kwance su zaka tarar fin ɗin ne ya lanƙwashe ko wani ya cire sifirin ya yar, ko washa ta cinye. Aikin rabin awa ne.

Rawar da take ɓata aiki ita ce ta muƙamuƙin kansa, girgiɗin da yake yi sama da ƙasa da hagu da dama a cikin ramin da yake zamewa. Wannan ita ce bata mutuwa in ka matse, a lokacin ma take nuna halinta. Dalili kuwa sukurun yana ƙasa, aikin da ka matse yana sama a tsakanin haƙora, toh ƙarfin baya kan layi ɗaya, sukuru yana ja ta ƙasa aikin yana turawa ta sama, dole muƙamuƙin ya nemi kishingiɗa baya iyakar filin da ramin ya bashi. Sai ka ga haƙoran sun kama aikin da gindinsu kawai saman ya buɗe, kana goga da magagari abu yana ƙara yana karkarwa, kana yanka da zarto layi yana karkacewa, kana so ka fitar da tiredi a jikin rodi sai rodin ya juya a baki ya ƙwarzane. Yaron shago kuma me zai yi, sai ya ɗauko bututu ya zura a hannun bais ya hau kai da ƙarfinsa duka.

Ku tsaya mu yi lissafin bututun nan domin shi ne yake kashe mana kayan aiki. Hannu mai tsawon santimita 30 da sukuru mai tafiyar milimita 5, in ka danna da nauyin kilo 20 kacal, ko bayan an cire abinda gogayyar tiredi take cinyewa wanda shi ne kaso mafi yawa, matsin da yake isa baki ya haura tan ɗaya. Ka ƙara bututu mai tsawon mita ɗaya ka ninka wannan sau uku da ɗoriya. Ina ƙarfin zai je? Zai je kan noti ya cinye tiredi, ya lanƙwasa hannu, ya buɗa ramin ya ƙara faɗi, in ƙarfen kas ne, wato na zubi, na banza kuma wata rana ka ji ɗas ya rabe ta wuya. Wato rawa ce ta jawo bututu, bututu kuma ya ƙara rawa, a haka ake tafiya har bais ɗin ya koma kayan 'yan gwangwan.

Abinda mutane basa lura dashi shine ɗan fili ƙanƙani a cikin rami yana girma kafin ya iso baki. In filin rabin milimita ne kuma tsawon wurin da ramin ya riƙe santimita 10 ne, bakin kuma yana nesa da wurin da santimita 20, toh girgiɗin da zaka gani a haƙora zai kai milimita guda cur. In ka ƙara buɗe bais ɗin sai ya ƙaru. Shi yasa nake cewa tsawon riƙon ramin ya fi min nauyin bais muhimmanci nesa ba kusa ba. Zaka ga wani bais ƙato an zuba masa ƙarfe a ƙafafu da bayansa an shafe shi da fenti mai sheƙi, amma ramin ɗan guntu ne kuma ko gogewa ba a yi masa da inji ba, yadda ya fito daga zubi haka aka tura sandar muƙamuƙin ciki, an bar fili mai yawa da gangan domin kowace sanda ta shiga kowane jiki ba sai an ɓata lokacin daidaitawa ba. Wannan ba tsufa bane, haka aka haife shi.

Kwanaki na raka wani ƙanina sayen bais na hannu, wato wanda aka taɓa aiki dashi, mai kayan ya fito da guda biyu yana ta yabon babban, yana cewa Alhaji ɗaga ka ji, wannan ai sai jikokinka sun gaje shi. Na ce Malam bani guntun rodi. Na buɗe bakin kamar faɗin yatsu huɗu na kama muƙamuƙin da hannu biyu na girgiza, ana jin ƙwas ƙwas har daga ɗaya rumfar. Sai na sa rodin a can ƙarshen haƙora ta dama na matse a hankali, muna kallo ɓangaren hagu ya ci gaba da shigowa bayan na dama ya tsaya, baki ya karkace kowa yana gani. Ƙaramin da ya raina, tsoho duk fentinsa ya goge, hannunsa yana juyin banza kusan rabin zagaye, amma da na yi masa gwajin rodi ko gezau, na rufe bakin na ɗaga shi saitin rana babu haske tsakanin haƙora daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Shi muka ɗauka, washa biyu da sabon fin suka gama masa magani.

Yanzu ga ainihin abinda nake so in faɗa, kuma da masu ƙera bais na gida nake, domin akwai su a garin nan, yara masu basira da suke haɗa bais da ƙarfen chanel mai siffar harafin U da faranti da sukurun tsohon jak, kuma ni ina goyon bayansu ɗari bisa ɗari tunda kuɗin na waje ya fi ƙarfin mai ƙaramin shago. Duk ƙarfen da yake gogar ƙarfe sai ya ci, babu makawa, ko wane kamfani ne ya yi shi. Saboda haka gwanintar ba wai a matse ramin ƙam ran da aka ƙera bane, gwanintar ita ce a bar wa mai shi hanyar da zai mayar da matsin in ya saki. Jamusawa sun gane wannan tun tuni, bais ɗin Heuer da aka ƙirƙira a 1925 da ƙarfen da aka buga aka yi shi ba na zubi ba, kuma yana da sukuru a tsakiya wanda kake ɗaurewa ka rage filin hanyar da muƙamuƙi yake bi duk lokacin da ta ci. Amurkawa kuma a bais ɗin Wilton da ya fara fitowa a 1941 sai suka bi wata hanya, sandar zagayayya ce a cikin zagayayyen rami da ɗan makulli a ƙasa da yake hana ta juyawa, wanda ya fi sauƙin yankawa daidai a inji, kuma sukurun yana rufe ruf a ciki. Masu bais ɗin injin yankan ƙarfe irin na Kurt ma har dabara suka yi yadda matsin da kansa zai riƙa danna muƙamuƙin ƙasa maimakon ya ɗaga shi.

Ba cewa nake mu kwaikwayi waɗannan sak ba, bamu da injinansu. Amma me zai hana mai haɗa bais a Dakata ko Sharaɗa ya sa ɗan falle na ƙarfe ko tagulla a gefe ɗaya na ramin da wani a sama, ya huda jikin ya sa ƙananan sukurori biyu ko uku da notin kulle suna tura fallen? Irin wannan fallen yana jikin duk wani injin yankan ƙarfe da yake garin nan, masu injin sun san shi sarai, kullum suna ɗaure shi. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ya mayar da bais abinda za a riƙa gyarawa da sifana maimakon a riƙa cusa masa yankakken gwangwanin madara. Haka noti, don Allah a daina like shi da walda a jiki. Zafin walda yana karkatar dashi tun kafin a fara aiki, kuma ran da ya cinye sai an farke bais ɗin gaba ɗaya. A ɗaure shi da ƙusa mai tiredi ko fin yadda za a iya zare shi, kuma a bar shi ya ɗan yi numfashi kaɗan domin ya bi layin sukurun da kansa, ramin shi ne zai riƙe saiti ba noti ba. In da hali a yi notin da tagulla ya zama shi yake cinyewa ya bar sukurun lafiya, tunda sake noti ya fi sake sukuru arha.

Tiredin ma abin dubawa ne. Na sha ganin bais ɗin gida da aka yi da doguwar rodi mai tiredin noti na yau da kullum, mai kaifin nan na digiri 60. Wannan an yi shi ne domin a ɗaure sau ɗaya a barshi, ba domin a murza safe da yamma ba, yana saurin cinyewa kuma yana ƙoƙarin buɗa notin. Tiredin bais mai faɗin kai ne, ko dai mai kusurwa huɗu ko irin wanda ake kira Acme mai digiri 29, ko ɗan uwansa na ma'aunin milimita mai digiri 30. Shi yasa masu amfani da sukurun jak suka fi dacewa.

Sai kuma ƙura, wadda duk wanda ya yi hunturu a Kano ya san ba wasa bace. Giris a buɗaɗɗen sukuru in ya haɗu da ƙurar hunturu da garin dutsen giranda da ɓarɓashin ƙarfe ya zama kamar sanfefa mai ruwa, kullum ka murza kana goge tiredinka da kanka. Duk ƙirar da ta bar sukuru a waje tsirara bata dace da garinmu ba ko da a ƙasarsu tana aiki. A kifa chanel ɗin ya rufe sukurun ta sama, a toshe bayan, wannan kaɗai zai ƙara masa shekaru. Mu ma masu shago mu riƙa sa yara su wanke tsohon giris da kananzir kafin su sa sabo, ba a yi ta lafta sabo a kan datti ba.

Kuma a daina dukan ƙarfe da babbar guduma a kan bais ɗin benci. Akwai bais ɗin maƙera mai doguwar ƙafa har ƙasa wanda aka yi shi domin duka, ƙafar ce take kai bugun ƙasa, na benci kuwa duk bugun da ka yi a sandar da notin yake sauka. Mai gindin juyawa ma in ba kana buƙatarsa da gaske ba ka haƙura dashi, wata kafar rawa ce ka ƙara wa kanka, balle in bencin ma da ƙusa biyu aka ɗaure shi a jikin ruɓaɓɓen katako.

Ni dai duk wanda zai haɗa min bais mai faɗin baki inci 5 da dogon rami, da fallen ɗaurewa gefe da sama, da notin da zan iya zarewa, da rufaffen sukuru, ya yi min magana, a shirye nake in biya fiye da kuɗin na kanti kuma ko fenti kar ya shafa masa, ina so in ga waldar da idona kafin in ɗauka.