Kada ku sake yin ƙarya da sunan Goggo

Na faɗa a zaman gida jiya da daddare, kuma ina maimaitawa a nan saboda waɗanda suka yi kunnen uwar shegu: muddin ina da bakin magana a gidanmu, babu wanda zai sake cika fom ɗin ƙarya da sunan Goggo. Mai jin haushi ya ji.

Kun dai san labarin. An hana ta bizar Ingila, 'yarta ta haihu a Bradford babu uwa a kusa, suna ma ta waya muka kalla. Abin da bai iso ku ba shi ne shawarar da aka kawo jiya. Wai a koma wurin ejan ɗin nan da ya ja mana abin tun farko, a ƙara masa kuɗi, ya nemo mata sabon fasfo, a sake nema, sannan inda fom ya tambaya ko an taɓa hana ta biza a rubuta a'a. Manya da furfurarsu, wasu da digiri bibbiyu, suna zaune suna gyaɗa kai. Wallahi jikina har rawa yake yi.

Na ce, "Kawu, don Allah a cikinmu wa ya karanta takardar da suka aiko?" Shiru. Takardar da ba ta wuce shafi biyu ba, tana cikin ledar fasfo tun ranar da ta zo. An yi jaje, an ce hassada ce, an ce Turawa ba sa son mai lulluɓi, an ce sa'a ce ba ta zo ba, amma ba a sami mutum ɗaya da ya zauna ya ga me aka ce ba.

To ga abin da aka ce. Jami'in ya rubuta cewa asusun Goggo, wanda ya yi watanni kuɗin da ke shiga cikinsa ba su wuce na cefane ba, rana ɗaya miliyoyi suka faɗo ciki ana saura 'yan kwanaki a miƙa takardu, kuma babu wata shaida da ta nuna daga ina suke. Ya ce fom ya nuna tana da kamfanin shigo da kaya, amma bai ga alamar cinikin kamfanin a ko'ina ba. Saboda haka bai gamsu cewa halin da ta bayyana shi ne ainihin halinta ba, bai kuma gamsu za ta dawo gida ba. Shi ke nan. Ina hassada a nan? Wane kamfani Goggo take da shi? Matar da duk unguwa ta san atamfa da turaren wuta take sayarwa a cikin gida tun muna yara?

Ejan ne ya zuba kuɗin nan, ya cire abinsa bayan an buga takardar banki, ya karɓi ladansa. Shi ya ƙirƙiro kamfanin. Goggo ba ta karanta boko, an ce sa hannu nan ta sa. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma mutanen da suke duba takardun nan aikinsu ke nan safe da yamma, sun ga irin wannan asusun sun gaji.

Ku fahimci abu ɗaya game da bizar ziyara ta Birtaniya. Yawanci ba a kiran mutum a zaunar da shi a yi masa tambayoyi yadda ake yi a ofishin jakadancin Amurka. Ka cika fom ta intanet, ka biya, ka je cibiyarsu a ɗauki hotonka da zanen yatsunka, ka koma gida. Wanda zai yanke hukunci bai ga fuskar Goggo ba, bai ga carbinta ba, bai san ita ce mai raba rigimar gidanmu ba. Takarda kawai ya gani. Dokar da yake aiki da ita, sakin layi na V 4.2 a ƙa'idojin baƙi masu ziyara, tambayoyinta a fili suke: za ka fita idan ziyara ta ƙare? Ba so kake ka mayar da ƙasar gidanka ta hanyar yawan zuwa ba? Abin da ka ce zai kawo ka, shi ne gaskiya? Akwai kuɗin da zai ɗauki nauyinka ba tare da ka yi aiki ba? Duk amsoshin nan Goggo tana da su na gaskiya. Mu muka ɓoye su muka miƙa na ƙarya.

An ce mini, ai kowa haka yake yi, wane ma ta hannun mutumin nan ya samu. To ya samu. Ku kawo mini lissafin waɗanda ba su samu ba, waɗanda suka yi shiru saboda kunya. Ejan ba ya tallar su. An ce yana da mutane a ciki. Wane ciki? Da yana da su, me ya hana su yi aiki a karon farko? Wannan magana ba ta ma cancanci a tsaya a kanta ba.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce ta sabon fasfo. Jama'a, an ɗauki zanen yatsun matar nan. Fasfo ake canzawa, yatsu ba a canza su. Ranar da ta sake ɗora hannunta a kan na'urar, tsohon fayil ɗinta zai fito da takardar hanin a ciki. Kuma Birtaniya tana musayar irin waɗannan bayanai da Amurka da Kanada da Ostireliya da New Zealand. Idan aka kama mutum ya yi ƙarya da gangan a neman biza, hukuncin yana kai hanin shiga na shekara 10. Shekara 10! Ku lissafa shekarun Goggo ku ɗora goma a kai. Jaririn da ake ta wannan fafutuka dominsa zai kusa gama firamare. Wa zai ɗauki wannan hukuncin? Ejan? Kawu? Ni? Sunan da ke kan fom shi zai ɗauka, kuma sunan Goggo ne. A wannan karon Allah ya rufa asiri, jami'in ya tsaya a "ban gamsu ba", bai rubuta cewa ta yi yaudara ba. Shi ne kuke so mu koma mu ba shi hujjar da hannunmu?

Wani ƙanena ya ce a ɗaukaka ƙara. Babu wannan ƙofar. Tun shekarar 2013 Birtaniya ta soke cikakken haƙƙin ɗaukaka ƙara ga masu neman ziyarar dangi, takardar ma ta faɗa a ƙarshenta. Abin da ya rage shi ne a sake nema, a sake biya. Kuɗin bizar wata 6 ya tashi daga fam 115 zuwa fam 127 a watan Afrilun 2025, kuma wanda aka hana ba a mayar masa da ko kwabo. Doka ba ta ce sai an jira wani lokaci kafin a sake nema ba, gobe ma ana iya yi. Amma wanda ya mayar da takardun jiya, amsar jiya zai karɓa, ga hani biyu a tarihinsa maimakon ɗaya.

Ni abin da na ce a yi ba shi da wani sirri. A nuna Goggo yadda take. Tana karɓar fanshon marigayi, yana shiga banki duk wata, ga shaida. Tana da shaguna biyu da ake haya a jikin gidanta, a rubuta yarjejeniya da 'yan hayar, su riƙa biya ta asusu maimakon a hannu. Cinikin atamfarta da zubin adashinta su riƙa bi ta banki ko da kaɗan ne, a bar asusun ya yi watanni yana tafiyarsa ta gaskiya. Marayu biyu na ɗanta suna hannunta, ita ke kai su asibiti, ita ke zuwa makarantarsu, a karɓo takarda daga makarantar. Ta je Hajji ta dawo, ta je Umara ta dawo, hatimin yana cikin tsohon fasfon da kuke so a jefar. Duk takardar da aka rubuta da Hausa ko Larabci a kai wa mai fassara ya fassara ya sa hannu.

Sannan ba dole ne ta zama mai kuɗi ba. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, domin ƙaryar ba ta ma da amfani tun asali. Doka ta yarda wani ya ɗauki nauyin baƙo, in dai akwai dangantaka ta gaskiya tsakaninsu, yana zaune a ƙasar bisa ƙa'ida, kuma yana da halin yi. 'Yarta ma'aikaciyar jinya ce, tana da takardar albashi, tana da takardar hayar gida, tana da izinin zama. Ta rubuta wasiƙa ta ce uwata ce, ni zan saya mata tikiti, a gidana za ta sauka, sati kaza za ta yi. A haɗa da takardar haihuwarta mai ɗauke da sunan Goggo. A faɗi abin da zai kai ta ba tare da kwana-kwana ba: ganin jika da duba mai jego. Kada a rubuta wata shida don kawai biza ta ba da wata shida, a rubuta iya abin da za ta yi, kuma ta yi shi ta dawo. Inda aka tambayi hanin baya a ce e, a rubuta gajeren bayani a kan kowane dalili da jami'in ya kawo. Maganar kuɗin da ejan ya zuba kuwa, 'yarta ta nemi lauya mai rajista a can ya duba yadda za a bayyana ta. Kuɗin lauyan ba zai kai abin da mutumin nan ya ci ba.

Ban ce in an yi haka dole a ba ta ba. Ana hana masu gaskiya, kuma ni ma ina jin zafin yadda ake sa tsohuwa ta tabbatar wa wanda bai san ta ba cewa ba gudun hijira za ta yi ba. Amma wanda aka hana da gaskiyarsa yana da bakin komawa. Addu'a muna yi, ba za mu fasa ba, sai dai ba na iya ɗaga hannu in roƙi Allah ya sa albarka a fom ɗin da na san ƙarya ce a ciki.

Bayan an watse Goggo ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ɗan nan, ashe cewa aka yi ina da kamfani?" Na ce e, Goggo. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa cin kuɗin adashin kowa ba, sai da tsufanta za a kai sunanta wata ƙasa a matsayin maƙaryaciya. Ba wanda ya taɓa gaya mata abin da aka rubuta. Mun yi ta shawara a kanta kamar ba ta nan.

Wani abin kuma da na gano da nake tattara takardunta: sunanta iri uku ne. Yadda aka rubuta a fasfo daban, a NIN an cire harafi ɗaya, a BVN kuma an sa mata sunan miji a inda sauran suka sa na uba. Ranar haihuwa duk 1 ga Janairu, amma shekarar ta banki ta girmi ta fasfo da shekara uku. Na tabbata rabin iyayenmu haka nasu yake, domin yaro ne a shagon kwamfuta ya tambaye su shekara, suka ce lokacin yaƙin basasa ina budurwa, shi kuma ya ƙiyasta. Ba a ganin illar sai ranar biza, ko fansho, ko rabon gado. Gyaran kuma sai an haɗa da takardar rantsuwa daga kotu da jeka-ka-dawo tsakanin banki da ofishin katin ɗan ƙasa, da tsohuwa mai ciwon gwiwa a bayan Keke Napep. Ku je ku buɗe jakar takardun iyayenku yau ku jera su a kan tabarma ku gani.