Kyamara ba mai gadi ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka wai da ka kafa kyamarar tsaron nan mai haɗe da wayar hannu shikenan ɓarawo ya bar gidanka, wallahi ba haka abin yake ba. Hoto kawai take ɗauka, ba ta kama kowa. In NEPA sun ɗauke wuta babu sola ko batiri to ta mutu murus, in data ta ƙare ma saƙon da take turo maka a waya ba zai shigo ba, kana kasuwar Sabon Gari ana ɓalle maka ƙofa a Hotoro ba ka sani ba. Wasu ɓarayin ma akwatin ajiye bidiyon suke fara ɗaukewa. Tana dai taimakawa wajen gane ɓarawon cikin unguwa, amma ni kam sai na fara sa ƙofar ƙarfe na biya kuɗin 'yan sintiri tukuna.