Jikka 10 na biya, aka haɗa mini da wulaƙanci

Yau kwana uku tafin hannuna na dama yana zugi. Ƙuna ce, za ta warke. Maganar da wani yaro ya yaɓa mini a bainar jama'a, yaron da bai kai ɗana na biyu ba, ita ce ta tsaya mini a wuya, na kasa haɗiyewa, na kasa tofarwa.

Shekara 22 ina jan mota tsakanin Tahoua da Konni. Hiace ce mai shan gazuwal, tsohuwa, amma ita ke ciyar da gidana. A ƙarƙashin kujerata akwai wayar jona batir da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, tun lokacin da yake jan babbar mota a hanyar Arlit. Wayar walda ce ya yanka biyu, kowace mita 4, kaurin cikinta murabba'in milimita 35, jan ƙarfe zalla. In ka ɗaga ta sai ka ji nauyi a kafaɗarka. Motocin da wayar nan ta tayar a daji, Allah kaɗai ya san adadinsu. Har gobe lafiyarta lau. Abin da ya mutu shi ne bakunan kada huɗun da ke cizon kan batir: sifirin ɗinsu ya saki, ruwan batir ya cinye haƙoransu, wannan koren gishirin ya bi ya rufe su. In na maƙala sai yaron mota ya riƙe da hannu kafin wuta ta wuce.

Shi ya sa na je rumfunan masu kayan mota. Kada wani ya ce mini arha ba ta ado, domin ban nemi arha ba. Na ce wa yaron shago ya ba ni mafi ƙarfi da yake da su, na manyan motoci. Ya ɗauko wasu jajaye biyu da baƙaƙe biyu, manya, suna ƙyalli, an buga 1000A a jikinsu, wato wai za su ɗauki wuta amper dubu. Na tambaye shi har sau biyu ko jan ƙarfe ne. Ya ce: "Wallahi Baba, asali ne, ko tirela za su tayar." Ya ambaci sunan Allah. Na ƙirga jikka 10 na ba shi, kuɗin da ya kamata ya shiga buhun hatsi.

Da hannuna na ɗaura su a gida bayan la'asar. Na yanke bakin wayar inda ya yi baƙi har sai da na iske zare mai haske. Na fara zura rigar robar mariƙin, domin in ka manta da ita sai ka sake kwance aikin. Na fere kamar santimita 2, na murɗe zaren, na tura shi cikin ɗan bututun da ke da hujin noti, na matse da ƙarfi, na narka dalma na cika, na ɗaure noti tamau. Ja a kan waya ɗaya, baƙi a kan ɗayar. Na ja kowanne da ƙarfina, babu wanda ya motsa. Na naɗe na mayar ƙarƙashin kujera, hankalina kwance.

Mako biyu bayan haka, mun wuce Badaguichiri kaɗan, wani fasinja ya roƙi a tsaya ya kama ruwa. Na kashe mota. Da na murza makulli sai ƙas, ƙas, shiru. Duk wanda ya yi bazara a Adar ya san yadda zafin da ya haura digiri 40 ke shanye ruwan batir, ya cinye shi ta ciki. Rana tsaka, mota cike, a ciki har da wata baiwar Allah riƙe da yaro jikinsa kamar garwashi, za ta sauka Tsernaoua ta nemi motar asibitin Galmi. Kusan awa guda muna ɗaga hannu kafin wani direba, Allah ya saka masa, ya juyo da motarsa ya haɗa hanci da tawa. Na jona. Na bar injinsa ya yi ta aiki na ɗan lokaci. Na ce wa yaron mota ya murza. Injin ya yi nishi ɗaya, sai hayaƙi ya tashi daga jan bakin kadan, roba ta fara ɗiga a kan batir tana wari. Na kai hannu na fizge don kada batirin mutumin kirki ya fashe, narkakkiyar roba ta manne mini a tafi. Haƙoran sun yi baƙi, sifirin ya saki nan take, bakin ya wangame. Mai taimako ya ga haka ya rufe motarsa ya ce in yafe shi, kuma ban ga laifinsa ba. Fasinjoji maza ne suka sauko suka yi ta turi a kan kwalta mai ƙuna, sau huɗu, kafin ta kama. Matar nan tana zaune a gindin wata ƙaya tana yi wa ɗanta fifita da gefen zane. Ba ta ce mini uffan ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari na kwance su na zuba a leda na koma shagon.

Na yi sallama. Yana kishingiɗe a kan benci, waya a hannu, ƙaramin kofin shayi a gefe. Ya amsa da hanci, bai ɗago ba. Na sake sallama. Sai ya ce, idonsa na kan waya: "Mi aka so?"

Na zazzage ledar a kan teburinsa. Na ce: "Ɗana, ka gane waɗannan?"

Ya kalle su ta wutsiyar ido, ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a hankali. Ya ce: "Kasuwa cike take da irinsu. Wa ya ce nan anka saye su?"

Na ce: "Ni na ce. Ranar Lahadi, nan inda kake zaune, ka rantse mini da Allah."

Ya ce: "Takarda fa?"

Takarda! Tun da nake sayen kayan mota a garin nan, wane mai shago ya taɓa miƙo mini takarda? Shi kansa ko alƙalami babu a shagonsa. Na danne zuciyata, na ciro mayen ƙarfen tsohuwar lasifika daga aljihu, na kusantar da shi. Bakin kadan ya yi tsalle ya manne, har da ƙara. Na ce: "Duba. Jan ƙarfe ba ya bin mayen ƙarfe, tagulla ma ba ta bi." Na ɗauki ƙusa na kankare gefe ɗaya, jan fentin ya tashi kamar ɓawon albasa, farin gwangwani ya bayyana. Na buɗe bakin na nuna masa cewa leɓe ɗaya kawai ke haɗe da waya. Na kirki yana da ɗan saƙaƙƙen zaren jan ƙarfe da ke kai wuta ɗaya leɓen, don duka haƙoran su ɗauki kaya. Wannan babu. Sitatar injin gazuwal tana jan amper ɗaruruwa a bugu ɗaya, to duk wannan wutar ta matse ta cikin haƙori biyu na gwangwani, ina za ta je in ba zafi ba?

Ya bari na gama tsaf. Sai ya yi murmushi ya ce: "Tsoho, kai dai ba ka iya jonawa ba. Juyawa ka yi."

Daga Baba na koma tsoho. Ranar da kuɗi ke hannuna Baba ne ni.

Na ce: "Kafin a yanke maka cibi nake jona batir. Ja a kan mai alamar ƙari na batirin da ya mutu, ɗaya jan a kan na mai rai. Baƙi a kan ragi na mai rai, baƙin ƙarshe a jikin ƙarfen inji, nesa da batir, don iskar da batir ke fitarwa tana kamawa da tartsatsi. Da juyawa na yi, tartsatsi zai tashi tun ina maƙalawa, ba sai an murza makulli ba." Na buɗe masa tafin hannuna, fatar ta kumbura ta yi ruwa.

Ya dubi hannun. Wallahi ya dube shi sosai. Sai ya ce: "To ni likita ne? Ni na ƙera su? Kaya in sun fita ba su dawowa. In na asali kake so ka tai Faransa ka sayo."

Ya koma kan wayarsa, ya ƙara sautin abin da yake kallo.

Na nemi maigidansa, aka ce Alhaji ya yi tafiya. Kullum Alhaji ya yi tafiya in kaya sun lalace, amma ranar ƙirgar ciniki yana nan daram. Abin da ya ƙarasa ni shi ne maƙwabtan rumfa da suka taru. Manya da furfura, sun ga mayen ƙarfe, sun ga fentin, sun ga hannuna. Babu wanda ya ce wa yaron nan kai, ba a yi wa babba haka. Ni suka kama wa riga: "Malam yi haƙuri, haka kayan yanzu suke." Wani ma cewa ya yi ai kowa ya san abin da aka rubuta a jikin kaya ba gaskiya ba ne, laifina ne da na yarda. Wato ƙarya ta zauna har ta zama ƙa'ida, wanda ya gaskata rantsuwa shi ne mai laifi. Da aka kira azahar, tare muka tsaya a sahu da yaron, yana gabana. Kowa a sahun ya san abin da addini ya ce a kan algus.

Haƙurin nan ya ishe ni. Da shi aka sayar mini da batir sabo fil a kwali wanda bai ga damina biyu ba. Da shi aka sayar mini da bel da ya tsinke kafin in kai Illéla, da fis ɗin da ba ya ƙonewa sai dai wayoyin mota su ƙone a madadinsa, da takalmin birki da ya zama gari cikin wata guda da rayukan mutane a bayana. Wayoyin jona batir da ke rataye a kowace rumfa, ku yanka ɗaya ku gani: roba ce mai kaurin yatsa, a tsakiya ɗan zaren sanholo da aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Sanholo ko na kirki ne bai kai kashi biyu cikin uku na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, balle wannan ɗan silili. Mutum ya saya ya ajiye yana ganin yana da abin ceto, sai ranar da ya maƙale tsakanin Tahoua da Abalak, inda babu inuwa babu ruwa, ya gane abin da aka sayar masa.

Ina masu mulki? A hanyar Konni kaɗai sau nawa ake tsayar da ni a rana? A duba takardar mota, a duba inshora, a duba lasisi, a leƙa ko ina da tukunyar kashe gobara. Na yarda, a duba. Amma kwantenar da ta shigo da gwangwani an rubuta masa 1000A, wa ya buɗe ta? An karɓi harajinta, an buga hatimi, ta wuce. Akwai mutanen da ake biya albashi duk wata da sunan duba ingancin kaya da kare mai saye. Ban taɓa ganin ƙafar ɗayansu a cikin ƙurar rumfunan kayan mota ba. Mayen ƙarfe na dala ashirin ya isa aikin, ba sai an sayo na'ura daga Turai ba.

Tun watan Yulin 2023 da aka rufe iyakoki muke ɗaure ciki. Hanyar Kwatano ta toshe, kaya suna zagayowa ta Lome da Burkina, komai ya yi tsada, muka ce mun ji, don ƙasa ne. To tunda za mu biya da tsada, a bar mu mu sayi abin kirki mana. Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, ta ƙofar gidajenmu aka yi ta wucewa da shi, hanyar ma da sunansa ake kiranta, ku je ku ga yadda ta koma. Man Agadem yana bin bututu kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku. Siminti na fita daga Malbaza nan kusa da mu. Amma a ce duk faɗin ƙasar nan babu wata ƴar masana'anta da za ta lanƙwasa tagulla ta sa mata sifirin? Maƙeranmu suna narka gwangwani su zuba tukunyar da za ta shekara 20 a kan murhu. Wa ya taɓa kiransu ya ba su injin matsa ƙarfe da rancen jari? Jan ƙarfen da ke cikin tsofaffin injuna yara ke bi gida gida suna saye a kan kilo, a loda a fitar, mu kuma a aiko mana da fentinsa. Samarin Adar masu ƙarfi da basira suna Abijan, suna Libiya, suna yi wa wasu aiki. Wanda ya rage a gida an zaunar da shi a benci, an koya masa rantsuwa da raina na gaba da shi.

Jiya wani mai walda da muka daɗe tare ya tono mini tsofaffin bakunan tagulla guda biyu daga cikin tarkacensa, irin waɗanda suke maƙalawa a jikin ƙarfen da ake aiki. Na sa musu mayen ƙarfe, bai kama ba. Na goge su da yashi na ɗaura a jar wayar da hannun hagu, yaron mota yana riƙe mini. Saura biyu, kuma kuɗin sabon batir bai taru ba, don haka a kan gangara nake kwanar da mota. Na gwangwanin huɗun kuwa na ɗaure su da igiya na rataye a madubi. Gobe da asuba ina layin lodin Konni, duk direban da ya leƙo ya tambaya zan miƙa masa mayen ƙarfen ya gwada da kansa.