Wai Inna ba ta aiki

Jiya aka yi sadakar arba'in ɗin Inna, mahaifiyar babanmu. Tun ranar da aka kai ta makwanci, duk wanda ya zo gaisuwa maganarsa ɗaya ce: "Allah Ya jiƙanta, mai haƙuri ce." Gaskiya ne, kuma na amsa da amin. Amma da wani dattijo ya ƙara da cewa ai irin matan da ne, suna ɗaka ba ruwansu da neman kuɗi, sai da na sunkuyar da kai don kada in yi rashin kunya a gaban manya.

Matar da kafin assalatu ta riga ta hura murhu tana suyar gyaɗa? A murje, a sheƙe, a kai inji, a dawo da markaɗen ta zuba a turmi tana tsiyaya ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa da taɓarya har mai ya taso. Ta kwashe man a kwalabe, ta mulmula tunkuzar ta soya ƙuli-ƙuli. Duk bayan hannunta tabon mai ne. Idan na tambaye ta sai ta ce, "Maigidan, ai kai ya kamata ka sayo mini na shafawa, ga ka miji ba cefane."

Shekarar 1975 da cuta ta cinye gyaɗa a Arewa, ta koma daddawa da ƙosai, ba ta zauna ba. Da aka buɗe UPE, wato shirin ilimin firamare ga kowa, a 1976 karatu kyauta ne, amma yunifom da takalmi da kuɗin tara daga lalitarta suka fito. Bayan SAP ɗin 1986, wato shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, lokacin da masaƙar da babanmu yake aiki a Bompai, unguwar masana'antu ta Kano, ta sallame su, kwasar adashinta ce ta biya kuɗin hayarmu. Ba ta taɓa faɗa ba. Ita da ko sunansa ba ta kamawa, saboda ɗan fari ne, ina za ta yi masa gori?

Abin da yake damuna ke nan da kalmar haƙuri a bakinmu. Mun mai da ita tabarmar da muke naɗe wahalar iyayenmu mata, don kada a tsaya lissafin wa ya ci gumin wa. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai wadda ta biya farashin: Gwaggo, ƙanwar babanmu, ita ce mai ɗaukar tiren talla yayin da 'yan'uwanta maza suke aji. Har yau sai an karanta mata saƙo a waya. Inna da kanta ta taɓa ce mini wannan abu yana ci mata rai, shi ya sa ta tsaya kai da fata sai da jikokinta mata suka gama sakandare kafin a yi zancen aure.

Da aka zo fitar da kayanta, a ƙasan babbar kwallarta aka tarar da likkafani a naɗe, wanda ta sayo da kuɗinta shekarar da ta sauke farali. Gefensa ƙullin leda guda uku, zubin adashin maƙwabta ne. Ba rubutu a jiki, amma kowane ƙulli da irin tsumman da ta ɗaure shi, kuma Gwaggo na gani ta faɗi mai kowanne.