Ragon da Aka Ɓoye wa Baƙuwa

Ina da ɗan shagon koyar da kwamfuta a unguwar Jekadafari a Gombe, kuma da ɗalibai suka matsa cewa suna son koyon Linux, wato wata babbar manhaja mai tafiyar da kwamfuta, sai na sayi kwamfuta ta hannu mai firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Core i7 a wurin wani Alhaji, domin in gina kwamfutocin kwaikwayo a cikinta, waɗanda ake kiran kowacce baƙuwa, da manhajojin QEMU da KVM, kowane ɗalibi ya samu tasa ya jagwalgwala son ransa. Ta farko da na ɗora wa Rocky Linux 9 ta turje tun ba ta gama farkawa ba, ta ce firosesar ba ta kai matakin x86-64-v2 ba. Na saka mata wata tsohuwar Linux na buga lscpu, umarnin da ke nuna bayanan firosesa, sai ga wani suna wai "QEMU Virtual CPU version 2.5+", babu SSE4.2, babu AVX, wato wasu ƙarin umarnai da firosesa ke iya aiwatarwa, alhali Intel ta fara saka AVX tun 2011.

Na rungumi kwamfutar a cinya cikin Keke Napep, ina shirya jawabi kan amana da ranar hisabi, har na isa shagon Alhaji. Ya bar ni na kai aya, sannan ya kira wani yaronsa da bai wuce sa'ar ɗan autana ba. Yaron ya kunna ta, ya buga lscpu ɗin nan a kan ainihin kwamfutar, sai ga Core i7 da AVX da duk danginta a jere.

"Baba," in ji shi, "a cikin baƙuwa ka yi tambayar, kuma baƙuwa abin da aka gaya mata kawai ta sani."

Ya bayyana mini, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa tun 1993 akwai umarni mai suna CPUID, wanda manhaja ke tambayar firosesa sunanta da abin da ta iya. Idan baƙuwa ta yi tambayar, ba ta isa ga firosesa, domin manhajar da ta ba ta masauki ce ke tarewa ta amsa, kuma idan ba a zaɓi komai ba, QEMU tana gabatar da samfurin qemu64, wanda da gangan aka rage masa kaya. Kamar maigida ne da ke ce wa baƙuwa babu komai sai tuwo da miyar kuka alhali rago na ɗaure a bayan gida, saboda idan gobe aka mayar da ita gidan maƙwabci marar rago, ba za ta nemi abin da babu ba. Haka ake iya ƙaurar da baƙuwa tana cikin aiki zuwa wata kwamfuta ba tare da ta faɗi ba. Na ce wannan rowa ce, ya ce tanadi ne, kuma har yau ban ga bambancin ba.

Ya sauya saitin zuwa "-cpu host", wanda ke nuna wa baƙuwa kusan duk abin da firosesa ta iya, nan take Rocky ta tashi. Sai ya gargaɗe ni cewa idan na ƙaurar da ita zuwa tsohuwar kwamfutar shagona marar AVX, manhajar da ta riga ta dogara da shi za ta mutu da saƙon "Illegal instruction", don haka gara kwamfutocin su zama iri ɗaya.

Alhaji, wanda bai ce uffan ba tun shigowata, ya gyara zama ya ce, "Malam, akwai irinta sak guda ɗaya a ciki, kuma tun da ka zo da kanka, zan yi maka ragi."