Waɗanda suka mayar da jirgin St. Louis ba su karya doka ko ɗaya ba

A ranar 13 ga Mayun 1939 jirgin ruwan St. Louis ya tashi daga tashar Hamburg ta ƙasar Jamus ɗauke da fasinjoji 937, kusan dukkansu Yahudawa masu gudun mulkin Hitler, ya nufi Havana, babban birnin Kyuba. Wata shida kafin nan, a daren 9 ga Nuwamban 1938, 'yan Nazi sun ƙone wuraren ibadar Yahudawa, sun farfasa shagunansu, sun kuma kwashe maza kimanin 30,000 zuwa sansanonin gwale-gwale irin su Dachau da Buchenwald, kuma wasu daga cikin fasinjojin daga can aka sako su bisa sharaɗin su bar ƙasar. Abin da nake so in tsaya a kansa shi ne, tun daga Havana har Washington da Ottawa, duk jami'in da ya ƙi karɓar mutanen nan yana da dokar da zai kafa hujja da ita, kuma a ganina hakan bai rage masa alhaki ko kaɗan ba.

Fasinjojin sun sayi takardun izinin sauka ne a kan dala 150 kowace ɗaya, takardun da shugaban hukumar shige da fice ta Kyuba, Manuel Benítez, yake sayarwa yana cika aljihunsa. Kwana takwas kafin jirgin ya tashi, shugaban ƙasa Federico Laredo Brú ya sa hannu a kan dokar da ta soke su. Kamfanin jirgin ya san za a iya samun matsala, amma fasinjoji ba su sani ba. Da suka iso Havana ranar 27 ga Mayu, mutum 28 kaɗai aka bari suka sauka. Sauran suka yi kusan mako guda a tsakiyar tasha cikin zafi, 'yan'uwansu da suka riga su isa Kyuba suna hayar ƙananan kwale-kwale suna kewaya jirgin, miji a ƙasa yana ɗaga murya yana kiran sunan matarsa, ita kuma tana sama tana ɗaga masa yaro ya gani. Wani fasinja ya yanke jijiyar hannunsa ya faɗa cikin teku. An tsamo shi aka kai shi asibiti a cikin gari, amma ba a bar iyalinsa sun bi shi ba. Gwamnatin Kyuba ta nemi a ajiye dala 500 a kan kowane mutum, ciniki da ƙungiyar agajin Yahudawan Amurka ya ci tura, ranar 2 ga Yuni aka umarci jirgin ya bar ruwan ƙasar.

Maganar Amurka ta fi ɗaure kai, domin fiye da 700 daga cikin fasinjojin sun riga sun nemi bizarta, jiran layi kawai suke yi, Kyuba kuma zango ce a wurinsu. Jirgin ya bi gaɓar Florida har suna hango fitilun Miami, suka buga wa shugaba Roosevelt tangaraho, bai ba su amsa ba. Dokar shige da fice ta 1924 ta ware wa kowace ƙasa kasonta na mutanen da za su shiga Amurka a shekara, kason Jamus da Ostiriya a 1939 mutum 27,370 ne, kuma ya riga ya cika. Da sakataren kuɗi Henry Morgenthau ya tuntuɓi sakataren harkokin waje Cordell Hull ko za a ba su bizar baƙi masu ziyara, sai aka ce doka ba ta yarda ba, saboda ba su da adireshin gidan da za su koma. Wato abin da ya sa suke neman mafaka, shi aka mayar hujjar hana su. Amma Roosevelt ɗin nan ne, bayan ta'asar Nuwamban 1938, ya ba da umarnin a tsawaita bizar dubban Jamusawa da ke ziyara a Amurka. Ashe idan aka so, ana samun hanya a cikin dokar. Kanada ma ta ƙi, bisa shawarar Frederick Blair, shugaban hukumar shige da ficenta, wanda ƙiyayyarsa ga Yahudawa ba ɓoyayyiya ba ce.

Masu kare waɗannan gwamnatoci sukan ce a 1939 babu wanda ya san za a gina ɗakunan kashe mutane da iskar gas a sansanin Auschwitz, kuma wannan gaskiya ne. Sai dai ba a buƙatar sanin gaibu kafin a gane halin da mutumin da aka ƙwace masa 'yancin ɗan ƙasa da sana'a da dukiya yake ciki, wanda aka bari ya fita da maki 10 kacal na kuɗin Jamus a aljihu. Jaridun Amurka sun buga labarin ƙone-ƙonen Nuwamban 1938 a shafukansu na farko. Tun a Yulin 1938 ƙasashe 32 suka taru a Evian ta Faransa kan wannan matsala, kowane wakili ya tashi ya yi jaje, sannan ya bayyana dalilin da ya sa ƙasarsa ba ta da wuri, in ban da Jamhuriyar Dominika. A Amurka, ƙudurin 'yan majalisa Wagner da Rogers na karɓar yara 20,000 a wajen kaso ya mutu a kwamitin majalisa a 1939, lokacin da rashin aikin yi da ƙyamar baƙi suka sa 'yan siyasa ke tsoron masu zaɓe. Birtaniya kuma, mai mulkin Falasɗinu a lokacin, kwana huɗu bayan tashin jirgin, ta fitar da takardar da ta taƙaita shigar Yahudawa Falasɗinu zuwa 75,000 cikin shekara biyar.

Kyaftin ɗin jirgin, Gustav Schröder, Bajamushe ne, kuma shi ne ya yi ta jan ƙafa don kada ya mayar da su Hamburg, har ya yi tunanin kafe jirgin a gaɓar Ingila da gangan. Daga ƙarshe ƙungiyar agajin ta ba da lamunin dala 500,000, ƙasashe huɗu suka amince su raba su, jirgin ya tsaya a Antwerp ranar 17 ga Yuni. Birtaniya ta ɗauki 288, Faransa 224, Beljiyam 214, Holan 181. A ranar kowa murna yake yi, ba wanda ya san cewa jerin da sunansa ya faɗa a ciki shi ne zai yanke masa hukunci. Waɗanda suka tafi Birtaniya duk sun ga ƙarshen yaƙi sai mutum ɗaya da bam ya kashe a 1940. Sauran kuwa an gudu ba a tsira ba, domin a Mayun 1940 sojojin Jamus suka mamaye ƙasashen uku, suka rutsa da 532 daga cikinsu. Binciken da Sarah Ogilvie da Scott Miller na gidan tarihin kisan kiyashin Yahudawa da ke Washington suka yi, suna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, ya nuna 254 sun mutu, yawancinsu a sansanonin Auschwitz da Sobibor.

Duk da haka mutanen St. Louis sun fi na jirgin Struma sa'a. Wannan ya taso daga Romaniya da Yahudawa masu gudun hijira kusan 800, ya yi mako goma a tashar Istanbul da lalataccen inji, Birtaniya ta hana su izinin shiga Falasɗinu, Turkiyya ta hana su sauka. A Fabrairun 1942 aka ja shi zuwa Baƙin Teku aka sake shi, washegari jirgin ƙarƙashin ruwa na Tarayyar Sobiyat ya nutsar da shi, mutum ɗaya ya rayu.

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, a sashe na 33, ta haramta mayar da mutum inda ransa ke cikin haɗari. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta nemi afuwa a 2012, firaministan Kanada na lokacin, Justin Trudeau, ya nemi tasa a majalisa ranar 7 ga Nuwamban 2018, shekara 79 bayan faruwar lamarin. Schröder ya rasu a 1959, sai a 1993 cibiyar Yad Vashem ta Isra'ila, mai tunawa da kisan kiyashin Yahudawa, ta karrama shi.